Gandun Azbin da Tenere: Tarihin Hanyar da Ta Koma Abin Kallo

1.0 Gabatarwa

Ranar 22 ga Janairu, 1988, a zamanin mulkin Ali Saibou, gwamnatin Jamhuriyar Nijar ta yi dokar da ta keɓe gabashin duwatsun Azbin da yammacin hamadar Tenere ta mai da su gandun daji na ƙasa. Faɗin gandun murabba'in kilomita 77,360 ne, watau ya ɗara jihohin Kano da Katsina da Jigawa in an haɗa su wuri guda. A shekarar 1991 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren gado na duniya, shekara ɗaya bayan haka kuma ta shigar da shi cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, inda ya shafe fiye da shekara 30.

Abin da ya fitar da sunan gandun a ƙasashen waje shi ne tuddan rairayinsa. A Temet, gindin dutsen Gereban, akwai waɗanda tsayinsu ya kai kimanin mita 300. A Arakawo kuwa duwatsu ne suka yi zobe mai faɗin kusan kilomita 10, suka bar ƙofa ɗaya ta fuskar gabas, rairayi ya kwararo ta nan ya taru a ciki. Baƙon da ya zo daga Turai ya hau ɗaya daga cikin tuddan nan da yamma, ya dubi gabas bai ga bishiya ko bukka ko sawun mutum ba, yakan koma gida da labarin cewa ya ga ƙasar da tarihi bai taɓa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan kallo sabon abu ne, kuma shi kansa yana da tarihi. Ƙasar da ake nuna wa baƙi da sunan wofi ta daɗe tana ciyar da kasuwannin ƙasar Hausa da gishiri, ta bar wa harshen Hausa kalmomi, kuma daga cikinta ɗaya daga manyan daulolin Hausa ke jawo asalinta.

2.0 Sunaye da Kalmomi

Duwatsun nan suna da suna uku. Mazaunansu na kiran su Ayar, marubutan Larabci sun rubuta Ahir, Hausawa kuma suka ce Azbin ko Abzin, mutanen wurin su ne Azbinawa. Faransawa sun ɗauki sunan farko suka sa a taswira, shi ya sa ɗalibin da ya karanta tarihin Gobir da Hausa, sa'an nan ya karanta labarin ƙasa da Faransanci ko Ingilishi, yakan daɗe bai gane wuri ɗaya ake nufi ba.

Kalmar tenere a harshen Tamajak tana nufin fili marar mutane, marar ruwa. Asalinta suna ne gama-gari, jam'inta tinariwen, sai daga baya aka keɓe ta ga filin da ke tsakanin Azbin da Kawar. Bahaushe kuwa kalmomi biyu da yake amfani da su, hamada da sahara, duka aro ne daga Larabci. Abin lura a nan shi ne, a Larabcin mutanen arewacin Afirka hamada fili ne mai duwatsu da tsakuwa, wanda iska ta share wa yashi. Da kalmar ta shigo Hausa sai ma'anarta ta faɗaɗa, har ya zama da an ambace ta rairayi ne ke fara zuwa a zuciyar mai sauraro. Kalmomin gida irin su daji da jeji da dawa kuwa duk suna ɗauke da hoton itatuwa da namun daji, don haka ba su dace da Tenere ba.

Wannan ya kawo matsalar fassara da ya kamata a tsaya a kanta. Gandu a asali babbar gona ce ta gida ko ta sarauta, wadda ake nomawa tare ƙarƙashin mutum ɗaya. A zamanin En'e aka haɗa ta da daji don a ambaci kurmin da hukuma ta hana sara da farauta a cikinsa. In aka ce gandun daji game da wurin da mafi yawansa rairayi ne da tsakuwa, rabin sunan bai zauna ba. Amma rabin farko ya faɗi gaskiyar da sunan Faransanci ya ɓoye, domin gandu dole yana da mai shi, kuma tambayar wane ne mai wannan gandu ita ce ta dabaibaye tarihinsa tun 1988.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, hulɗa da Azbinawa ta bar tabo a bakin Bahaushe. Maarten Kossmann, a littafin da ya wallafa a 2005 kan kalmomin da Hausa ta aro daga harsunan Barbar, ya bi diddigin irin waɗannan. Raƙumi da takobi da takarda suna cikin fitattunsu, ta ƙarshen ma asalinta na nesa Latin ne, ta ratsa sahara a bakin Barbar kafin ta iso. Aron bai tsaya a hanya ɗaya ba. Jagoran ayarin Azbinawa sunansa madugu a bakinsu kamar yadda yake a bakin fataken Kano, kuma kalmar kori da taswirorin Faransa ke sa wa busassun rafukan Azbin daga Hausar Nijar aka ɗauko ta.

3.0 Kafin Rairayi

Tuddan Temet da Arakawo aikin iskar hunturu ne. Iskar tana kaɗawa daga arewa maso gabas watanni da yawa a shekara, tana tura yashi a kan shimfiɗaɗɗen filin Tenere ba abin da ke tare ta, sai ta ci karo da bangon duwatsun Azbin ta sauke kayanta a gindinsu. Dalilin ke nan da ya sa tuddai mafi tsawo suke jingine da dutse, tsakiyar filin kuwa a wurare da dama a daidaice yake kamar faifai.

Ba haka wurin yake ba a da. Tsakanin shekara kimanin 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina tana kaiwa can arewa, Tenere na da tafkuna da ciyawa. A Adrar Bus, wani dutse da ke tsaye shi kaɗai a arewacin gandun, ayarin motocin Berliet na 1959 zuwa 1960, da tawagar J. Desmond Clark ta 1970, sun tarar da masun kamun kifi na ƙashi, da duwatsun niƙa, da tukwane, da ƙasusuwan saniyar gida. A Gobero, kudu da gandun, Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a shekarar 2000, sai ya faɗa kan maƙabarta mai kaburbura kusan 200 a bakin tsohon tafki, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. Al'ummu biyu ne suka zauna a wurin, fari mai tsawo ya raba tsakaninsu. Ɗaya daga kaburburan na wata mace ne da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna hannuwansu a sarƙe.

A jikin duwatsun Azbin kuma akwai dubban zane-zane na shanu da jimina da raƙumin dawa da mutane riƙe da masu. Raƙuman dawan Dabus, a yammacin duwatsun wajen iyakar gandun, babban cikinsu ya haura mita 5. Saboda haka wanda ya taka rairayin Tenere yana tafiya ne a kan kufai. Wannan ma ya zame wa wurin jarrabawa, domin a shekarun da baƙi suka yi yawa an kwashe kawunan kibau da gatura na dutse buhu-buhu, aka sayar ko aka tafi da su tsaraba, alhali kayan tarihi in an ɗauke shi daga inda ya kwanta rabin bayaninsa ya tafi.

4.0 Azbin da Ƙasar Hausa

Gobirawa sun riƙe a tarihinsu na baka cewa a Azbin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo wannan bayani a Infakul Maisuri, cewa Azbinawa ne suka karɓe ƙasar daga hannunsu. Djibo Hamani, a littafinsa na 1989 kan sarautar Ayar, ya ba wannan zance muhimmanci, ya danganta shi da tsohon garin Maranda da marubutan Larabawa suka ambata tun ƙarni na 9. Ibn Battuta, wanda ya bar Takadda a 1353 ya ratsa ta gefen Azbin zuwa arewa, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin. A farkon ƙarni na 15 aka kafa sarautar da daga baya ta zauna a Agadas. Ta Azbin Shehu Magili ya biyo kafin ya isa Kano da Katsina a ƙarshen ƙarnin, kuma a Agadas Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna tare da malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Duk wannan sananne ne ga masu nazarin tarihin addini. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne gishiri.

Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri kuma ya yawaita a ƙasar Hausa. Gishirin da ya yi suna daga baya shi ne na Balma da Fashi, garuruwan Barebari da ke gabashin Tenere, inda ake tara ruwan gishiri a ramuka rana ta ƙafar da shi. Mai kyaun, wanda ake kira beza, na miya ne. Saura a cuɗa shi a zuba a kwarmin guntun dabino ya fito da siffar kantu, kowanne ya haura kilo 20, shi ne na dabbobi. Kalmar balma ma ta zama sunan gishirin kansa a Hausa, kamar yadda sunan gari kan koma sunan hajarsa.

Tsakanin Agadas da Balma tafiyar kilomita kusan 600 ce, kuma tsarin cinikin kusurwa uku gare shi. Bayan damina, wajen watan Oktoba, lokacin da raƙuma suka ƙoshi da ciyawar Azbin, ayari ya tashi gabas ɗauke da gero da busasshen nama da cuku da tufafi. A Balma a musanya su da gishiri da dabino. A komo Azbin a ɗan huta, sa'an nan a gangara Damargu da Damagaram da Katsina da Kano. A can a yi rani, raƙuma na kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manomi taki, a sayar da gishiri a sayi geron shekara da turkuɗin Kura, wanda Ba'azbine ke naɗawa. Kafin damina ta sauka a koma arewa. Ke nan rawanin da baƙo ke ɗaukar hotonsa a gindin tudun Temet, in na asali ne, a marinar ƙasar Kano aka rina shi aka buga.

Yadda ake ratsa Tenere ya cancanci bayani, domin a nan bambancin idon fatake da idon mai yawon kallo yake. Babu kiwo a hanya, saboda haka kafin a tashi sai an yi makonni ana yankan ciyawa ana ɗaure ta dami-dami. Raƙumi na ɗauke da abincinsa, ana kuma ajiye wasu damman a hanya domin dawowa. Ana tashi da sassafe a yi ta tafiya har dare ya raba, ba a tsayawa cin abinci, sai dai a dama gero da cuku da dabino a miƙa wa juna ana tafe. Madugu na duban inuwa da rana, taurari da dare, da yadda iska ta jera ƙananan tuddai. Kuskure kaɗan a kan alƙibla ya isa a wuce rijiya ba a gan ta ba, wanda ya wuce rijiya kuwa da wuya a sake jin labarinsa. A irin wannan tafiya dogon tudun rairayi abin kaucewa ne, yana gajiyar da raƙumi yana cinye ruwan salka. Madugu na neman ƙasa mai tauri da lungunan da ke tsakanin tuddai. Wuraren da suka zama abin alfaharin gandun a ƙarni na 20 su ne ainihin waɗanda ayari ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratse musu.

5.0 Baƙin Farko da Shekarar 1917

Turawan farko da suka bar cikakken bayani kan Azbin su ne James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg, waɗanda suka taso daga Tarabulus a 1850 da sunan gwamnatin Ingila. A watan Satumba suka sauka Tintallus, garin Annur shugaban Kel Ewe, wanda ke cikin iyakar gandun na yanzu. Kafin su isa an tatse su a hanya, sun kuma ga ruwan sama ya mai da busasshen kwari kogi cikin yini guda. Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya je Agadas a watan Oktoba ya halarci naɗin Sarki Abdulƙadir. Ya lura cewa mutanen birnin na magana da wani reshe na harshen Sanwai, Kel Ewe kuwa Hausa ta zauna a bakinsu daram tare da Tamajak. A yau Hausa ce harshen kasuwa da na gidaje da yawa a Agadas, wancan reshe na Sanwai ya ɓace daga birnin. A watan Disamba suka bi ayarin gishiri zuwa Damargu, Barth ya shiga Kano a Fabrairun 1851. Mai karanta bayaninsa zai ga ƙasa ce mai sarakuna da malamai da haraji da rigingimun siyasa, kuma tuddan rairayi ba su ɗauki hankalinsa ba.

Faransawa sun ratsa Azbin a 1899 da rundunar Foureau da Lamy, suka kama Balma a 1906, suka riƙa raka ayari da sojan raƙuma. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya cinikin Tarabulus, amma ba ta taɓa na gishiri sosai ba, tun da shanun ƙasar Hausa ba su daina bukatar kantu ba.

Abin da ya girgiza Azbin shi ne yaƙin Kawsan. A watan Disamba 1916 Kawsan, da goyon bayan Sanusiyya da na Sarkin Agadas Tagama, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, har zuwa farkon Maris 1917 da taimako ya zo daga Damagaram. Ingilishi ma sun tura soja daga Nijeriya zuwa kan iyaka don tsoron kada wutar ta tsallako. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe malamai a Agadas, an kwashe dabbobi, an tilasta wa mutanen duwatsu barin garuruwansu. An kashe Kawsan a Fezzan a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920.

Ga inda wannan ya shafi zancen gandu. Angus Buchanan, wanda ya taso daga Kano ya shiga Azbin a 1920 yana tara tsuntsaye da dabbobi don gidan tarihi, da Francis Rodd da ya zo a 1922, sun tarar da ƙauyuka na gine-ginen dutse ba kowa a ciki, rijiyoyi sun rufta, lambuna sun bushe. Littattafansu na cikin waɗanda suka gabatar da Azbin ga masu karatun Ingilishi. Su kansu sun san dalilin abin da suka gani, sun kuma faɗa. Amma hoton ƙasa shiru marar mutane ya fi dalilin saurin yaɗuwa, sai ya zauna a zukata kamar haka Allah ya halicce ta, alhali shekara uku zuwa biyar kacal ke tsakaninsa da yaƙin da ya kore mutanenta.

6.0 Mota da Masu Yawon Kallo

Labarin Bishiyar Tenere ya isa misali ga abin da mota ta kawo. Wata ƙaya ce guda ɗaya a kan hanyar Agadas zuwa Fashi, kudu da gandun, wadda ba ta da 'yar'uwa a tazarar ɗaruruwan kilomita. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a 1938 zuwa 1939 aka ga saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayari bayan ayari sun yada zango a gindinta, ba wanda ya karya reshenta ya dafa shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyenta. Henri Lhote, da ya gan ta a 1934 ya sake ganinta a 1959, ya tarar mota ta riga ta karya mata reshe ɗaya. A 1973 wata babbar mota ta ture ta gaba ɗaya. A watan Nuwamba na shekarar aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

A 1977 wani Bafaranshe mai tseren babur, Thierry Sabine, ya ɓata a hamada kwana da kwanaki kafin a cece shi. Daga wannan ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar, wanda ya fara biyowa ta Agadas a Janairun 1979, ya kuma ratsa Tenere a 1983, shekarar da guguwar rairayi ta ɓatar da 'yan tsere kusan 40. Talabijin ta kai hoton tuddan nan kowane gida a Faransa. Mano Dayak, Ba'azbine ɗan yankin, ya kafa kamfanin yawon buɗe ido a Agadas ya sa masa sunan Temet, wasu suka bi sahunsa. Samarin da farin 1973 da na 1984 suka raba da raƙumansu sun samu sana'a, suka zama direbobi da jagorori da masu dafa abinci. Sanin ƙasa da aka gada daga madugai shi ne jarinsu, sai dai yanzu ana biyansu don su kai baƙo inda kakanninsu ke gudu.

Motar da ta kai mai kallo ita ce kuma ta kai maharbi. Barewar hamada da ake kira adas, mai murɗaɗɗen ƙaho, tana iya rayuwa ba ta sha ruwa ba, amma ba ta da gudu mai nisa. In aka bi ta da mota, ko don harbi ko don hoto, takan faɗi ta mutu da gajiya. Hakar ma'adinin yuraniyom da aka fara a Arlit a 1971 ta ƙara yawan motoci da bindigogi a yankin.

7.0 Gandun da Abin da Ya Biyo Baya

Don ceton waɗannan dabbobi ne hukumomin Nijar, tare da ƙungiyoyin WWF da IUCN, suka yi aikin da ya kai ga dokar 1988. Ya kamata a yaba wa dokar a kan abu ɗaya: ba ta kori mutane ba. A wasu ƙasashen Afirka kafa gandu ya zo da tashin ƙauyuka, a nan kuwa an bar 'yan dubban Azbinawan da ke ciki, masu lambunan Iferwan da Tintallus da makiyayan awaki da raƙuma, su ci gaba da zamansu, aka hana farauta da saran itace barkatai. Sai dai a tsakiya an keɓe kimanin kashi ɗaya cikin shida, murabba'in kilomita 12,805, aka hana kowa shiga, aka ce mafakar adas ce. A cikin duwatsun kuma akwai ragon dutse da barewar dama, da wani ƙaramin garken bika a Tamgak wanda ya rage tun zamanin da ƙasar ke da dausayi, da zaitun na daji a kan Gereban.

Gandun bai samu shekara uku na zaman lafiya ba. Kisan da aka yi a Cin Tabaradan a watan Mayu 1990 ya buɗe ƙofar tawayen Azbinawa, duwatsun suka zama sansanin 'yan tawaye. A 1992 aka kama wasu ma'aikatan gandun aka yi garkuwa da su, aikin ya tsaya. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu, 1995. Mano Dayak, wanda ya bar kamfaninsa ya zama ɗaya daga shugabannin tawayen, ya mutu a haɗarin jirgin sama a Disamban shekarar, filin jirgin Agadas na ɗauke da sunansa. A cikin waɗannan shekaru masu ɗauke da makamai na kowane ɓangare suka ƙarar da jiminun Azbin, waɗanda a 1990 ake lissafa su da ɗaruruwa masu yawa, kuma su ne garke mafi girma da ya rage na jimina mai jan wuya a yammacin Afirka. Wannan ita ce tsuntsuwar da gashinta ke cikin manyan hajojin da ake kaiwa Tarabulus a ƙarni na 19, ita ce kuma ta figinin sarakuna da takalman Sarkin Kano. Abin da ya rage nata a Nijar bayan haka sai 'yan ƙalilan da aka riƙa kiwo a killace a wurare irin su Iferwan da Kelle. Adas kuwa ta bar mafakar da aka yi dominta. Ragowarta na can kudu maso gabas a Tarmit da Tin Tumma, inda aka kafa wani gandun a 2012, kuma ƙidayar da aka yi a can a 2016, bayan shigar masu neman man fetur da sojojin da ke gadinsu, guda 3 kawai ta gano.

Baƙi sun fara dawowa bayan sulhu, sai tawaye na biyu ya tashi da harin Iferwan a Fabrairun 2007, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. Sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a Satumban 2010 ya rufe abin da ya saura na wannan kasuwa. Direbobin da suka san Tenere kamar tafin hannunsu sai suka koma ɗaukar wasu irin fasinjoji, masu neman zuwa Libiya da Aljeriya, daga 2014 kuma masu haƙar zinariya a Jado da Cibarakatan. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yara 52 ne da mata 33 da maza 7, akasarinsu daga yankin Kance na ƙasar Damagaram, watau Hausawa ne. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta sa direbobi barin hanyoyin da ke da rijiyoyi don gudun jami'an tsaro, suka riƙa kutsawa inda ko madugu ba ya bi, har gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023.

Ayarin gishiri bai mutu ba, ko da yake manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na kayan. Raƙumi ba ya shan fetur, ba ya neman kayan gyara, kuma mai shi ba ya lissafa kwanakinsa da kuɗi. Don haka har yanzu in damina ta ɗauke mutanen Timiya da maƙwabtansu na yankan ciyawa su ɗaure dami, su bi madugu zuwa Balma, kantun da suka ɗauko kuma yana isa kasuwannin dabbobi na Damargu da Damagaram da arewacin Nijeriya kafin rani ya tsananta.